Awon Da Hannuna Ya Haddace

Kafin in ɗora, bari in sallami yarinyar da ta rubuto min a ƙasan labarin makon jiya. Wai, "Umma, mace mai shekara arba'in da bakwai me ya haɗa ta da soyayya?" 'Yata, Allah ya ja kwananki ki kai shekarun, ranar ki dawo ki sake tambayata. Kafin nan ki gaida mutanen gidanku, ki ce musu na ce da sauran aiki a kanki.

To, ku da kuka shigo yau, ga inda muke. Ni tela ce. Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a wani kamfanin fim, a ɗaki mai taga ɗaya, bayan inda ake ajiye fitilu. Mijina ya rasu shekara tara da suka wuce, ya bar min biyu: babban, da muke kira Injiniya saboda gyaran waya yake yi, sai Auta, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, bakinta kuma ya girme ta.

Ni ke ɗinka kayan Gaggafa. Masu yara a gida ba sai na yi muku bayani ba, amma saboda masu furfura irina: jarumin fim ne mai tashi sama yana ceton mutane. Baƙar riga mai ɗame jiki, jan ƙirji, fuka-fukai daga hammata zuwa ƙugu, da abin rufe fuska mai baki irin na tsuntsu. Fim goma sha ɗaya, kowace shekara ɗaya, ba a taɓa nuna fuskarsa ba, ba a taɓa rubuta sunansa ba, muryar ma inji ke kumbura ta. Mu uku kaɗai muka san wanda ke ciki: Mai Kamfani, darakta, sai ni, don riga irin wannan ba a ɗinka ta da ƙiyasi. Ranar farko Mai Kamfani ya sa na rantse ba zan faɗa wa ko matashin kaina ba.

Yanzu da mai sirrin ya sake min baki, zan faɗa muku. Wanda muke kira Dogo ne. Mai ɗaukar fitilu. Shekararsa hamsin da biyu, matarsa ta daɗe da rasuwa, magana sai ka roƙe shi. Duk ranar da Gaggafa zai yi aiki, sai darakta ya ɗaga murya ya ce an aiki Dogo sayo wayar wuta. Shekara goma sha ɗaya ma'aikata suna gulmarsa, wai malalaci ne, ranar wahala ba a ganinsa.

Wata huɗu da suka wuce ya ce yana so na da aure. Na ce masa ni ma ban ƙi ba, amma ba zan auri mutumin da ɗana ba ya gaisarwa ba. Da bakina na kafa wannan sharaɗi, ba wanda ya sa ni. Injiniya kuwa in ya ji sallamar Dogo sai ya toshe kunnuwansa da abin jin waƙa, ya bi ta gefensa kamar turken wuta ya wuce. Injiniyan nan kuma shi ne shugaban guruf ɗin masoyan Gaggafa a waya, mutum dubu arba'in. Bangon ɗakinsa ba a ganin fenti saboda hotuna. Kun ga inda Allah ya ajiye ni.

Ranar Litinin da safe aka tara mu a babban ɗakin ɗaukar fim. Mai Kamfani ya tsufa, ya miƙa ragamar kamfanin ga 'yarsa, wadda muke ce wa Manaja. Ta shigo da riga da wando ruwan toka, ɗan ƙaramin mayafi a kafaɗa, waya biyu a hannu ɗaya. Yarinya ce mai kaifi, ba ta da raini, amma in tana magana kai ka ce mota take kamawa.

"Daga yau mun daina fim duk shekara," in ji ta. "Mutane sun ƙoshi. Na bara ma rabin kujeru babu kowa. Fim ɗaya za mu riƙa yi a shekara uku, mai kyau, a tsakani kuma gajerun labarai na kallo a waya. Sannan za mu cire abin rufe fuskar. Yaran yanzu fuska suke so su bi, ba bakin tsuntsu ba."

Ta tafa hannu, sai ga wani saurayi ya shigo, siriri, gashi ya sha mai, turarensa ya riga shi isowa. Kafin ya kai tsakiyar ɗakin masu kyamara sun raɗa masa Ɗan Kwalisa.

"Ga sabon Gaggafa."

Kowa ya zuba masa ido. Ni dai idona ya tafi can baya, inda Dogo ke tsaye riƙe da ƙafar fitila. Na zaci zan ga mutum ya karye. Wallahi murmushi yake yi, irin na wanda aka sauke wa buhu daga ka.

Da aka watse ya leƙo ɗakina kamar mai neman tsinke.

"Tela, kin ji?"

"Na ji. Ba ka ji zafi ba?"

"Zafi? Gwiwoyina ne suka ji daɗi. Kin san sau nawa aka rataye ni da igiya a fim ɗin bara? Ashirin da shida. Mutum mai jika yana reto a sama kamar wanki."

Na yi dariya har allura ta faɗo daga bakina. Ya sunkuya ya ɗauko min, gwiwarsa ta yi ƙara, muka sake fashewa.

A gida kuwa makoki na tarar. Kamfani ya ɗora sanarwar da azahar. Injiniya na zaune a tsakar falo kan dardumar da na hana a hau da takalmi, da takalminsa, waya uku a gabansa duk suna ƙara. Auta ta kwanta kan doguwar kujera tana karanto sharhin mutane da murya irin ta mai labarai.

"Umma ji wannan: 'Wannan ɗan tsakon ne zai ɗaga mota? Ko jakar hannun matata ba zai ɗaga ba.' Wata kuma ta ce, 'Ku rufe mana baki, mun gaji da tsohon tsuntsu, Allah ya kawo mu zamanin kyawawa,' ta sa zuciya bakwai. Wani ya ce, 'Na ƙona rigata mai hoton Gaggafa,' aka ce masa ya nuno tokar, ya fita daga guruf."

"Auta, ki yi min shiru," in ji Injiniya.

"Yaya, ta'aziyya nake taya ka karɓa."

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa jajur. Na rantse muku yaron nan ranar da aka sace masa babur bai yi wannan fuskar ba.

"Umma, a gabanki aka yi wannan cin amanar? Mutum ya yi musu bauta shekara goma sha ɗaya, ya faɗo daga bene, ya shiga wuta, ko sunansa ba su faɗa ba, yau su yar da shi kamar tsumma? Wannan mutumin da ubana ne da na ɗauke shi a kaina."

Na ajiye jakata a hankali. "Cire takalminka daga kan darduma."

Ya cire yana huci. "Ga irin mazan da ake nema a duniya. Ba irin mai ɗaukar fitilar nan ba, da abokan aikinsa ma suka shaida ranar wahala ɓacewa yake yi."

Ku da kuke karantawa, ban san ko kun taɓa riƙe magana a baki har haƙoranku suka yi tsami ba. Na shige kicin na ɗora ruwan shayi, na tsaya ina kallon butar kamar ita ta yi min laifi. Shekaru yaron nan yana tambayata waye a cikin rigar, ni kuma amsata ɗaya: a takarda ake kawo min awo, ban taɓa ganin mutumin ba. Allah ya yafe min wannan ƙaryar, na yi ta ta fi sau ɗari.

Talata aka turo min Ɗan Kwalisa in gwada shi. Yaro mai ladabi, in faɗi gaskiya, har ƙasa ya gaishe ni, sai dai ya kasa tsayawa wuri ɗaya, yana ta ɗaukar kansa hoto a madubina. Na gwada shi tsaf, na rubuta a takarda, na danne ta da gwangwanin maɓallai. Manaja ta aiko da sabon yadi, baƙi mai sheƙi kamar jiƙaƙƙen dutse, ta ce Alhamis za a ɗauki hoton da za a nuna wa duniya.

Na shimfiɗa yadin a tebur, na ɗauki alli. Sai wayata ta yi ƙara, saƙon murya daga Dogo. Na kunna na ajiye a gefe. Mutumin da in kuna tare ba ya haɗa kalma goma, a waya sai ya zama rediyo. Minti tara yana ba ni labarin wata bishiyar lemo da ya dasa a bayan gidansa, wai ta fara fure, wai ya ajiye kujera biyu a ƙarƙashinta, ɗaya ta fi ɗaya laushi, ba zai faɗi ta wa ce ba. Ina ji ina murmushi ni kaɗai kamar wata 'yar sakandare, alli na tafiya, almakashi na bin sa. Na yanka, na haɗa, na kwana biyu a kan keken ɗinki. Takardar nan tana ƙarƙashin gwangwani, ko sau ɗaya ban ɗaga ta ba. Ban ma san ban ɗaga ba.

Alhamis aka kunna fitilu, aka shimfiɗa koren kyalle a bango, Manaja ta tsaya da wayoyinta. Ɗan Kwalisa ya fito daga ɗakin sa kaya.

Innalillahi.

Kafaɗun rigar sun sauko masa har gwiwar hannu. Jan ƙirjin ya zauna a kan cibiyarsa. Ƙafar wandon ta wuce yatsunsa tana jan ƙasa, fuka-fukan kuma suna biye da shi a baya kamar labulen da iska ta tsinko. Ya ɗaga hannu zai yi magana, hannun bai fito daga rigar ba.

Mai kyamara ne ya fara, ya toshe baki ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Daga nan ɗakin ya ɓarke. Shi kansa yaron da ya ga madubi sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

Manaja ba ta yi dariya ba. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta kama kafaɗar rigar ta ja, ta juyo gare ni.

"Mama, ba ki gwada shi ba ne?"

"Na gwada, ranki ya daɗe."

"To awon waye wannan?"

Ba ta jira ni ba. Ita ce ta amsa wa kanta, a gaban mutum talatin.

"Na tsohon ne. Daga ka kika yanka. Hannunki ya haddace shi."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Shekara talatin ina riƙe da almakashi ban taɓa ɓata yadin mutum ba, sai yau da furfura. Na ce ta yi haƙuri, babba ce ba ƙarama ba, ana iya rage ta. Ta ce in tafi da ita gida, Litinin ta ganta daidai jikinsa.

Kafin in naɗe rigar a leda, wani marar tsoron Allah a cikin ma'aikata ya riga ya ɗora hoton, har da maganar Manaja a ƙasa. Kafin la'asar babu wayar da bai shiga ba. Wasu suka ce rigar ce da kanta ta ƙi shi. Wani ya ce a ba shi shekara ashirin da abinci mai kyau zai cika ta. Masu son sabon suka ce maƙarƙashiya ce, a kori telar. Wasu kuma suka buɗe shafi wai na masoyan telar, ni ke nan, har da zanen wata tsohuwa mai almakashi da fuka-fukai. Manaja ta wuce ta ƙofata tana duba waya, ta ce, "Mama, kin san tun da aka kafa kamfanin nan ba a taɓa maganarmu kamar yau ba?" Ta tafi tana girgiza kai, ban gane faɗa ne ko godiya ba.

Da aka tashi Dogo ya raka ni bakin titi, ya karɓi ledar ya riƙe min. Muka tsaya gefen mai gyaran takalma muna jiran mota.

"Laifinka ne," na ce. "Kai da bishiyar lemonka."

"Na karɓa."

"Dogo, ka saurare ni. An ajiye abin rufe fuskar nan, aikin ya ƙare. Ka je wurin Mai Kamfani ya warware min rantsuwata, ko kai ka faɗa wa yaron nan da bakinka. Kalma ɗaya, wallahi da rarrafe zai zo gaishe ka."

Ya gyara riƙon ledar.

"Na sani."

"To mene ne?"

"In ya gaishe ni saboda Gaggafa, tsuntsu ya gaisar, Tela. Tsuntsun kuma ke kika ɗinka shi da zare da soso. Wanda zai zauna da ku a gida mai ciwon gwiwa ne, mai minshari, mai ɗaukar fitila. Shi nake so ya gaisar. In shekara zai ɗauka, ina da kujera a ƙarƙashin lemo, zan jira."

Na ce masa taurin kansa ya fi na ɗana. Ya ce shi ya sa yake ganin za su daidaita. Mota ta zo, ya miƙo min ledar ta taga, ya ce Asabar da la'asar zai shigo kamar yadda ya saba. A motar na yi ta jin haushinsa, ina kuma jin wani sanyi a ƙirjina. Ku 'yan mata masu auna namiji da wayar hannunsa, ku riƙe wannan.

Injiniya bai ce min komai ba ranar, bai ce ba Juma'a. Gaisuwa kawai, sai kallo ta gefen ido. Na san yarona. In ya yi shiru haka, wata waya yake kwancewa a cikin kansa.

Asabar bayan azahar na share falo, na sauya rigunan kujeru zuwa masu ruwan madara, na fito da kofunan baƙi masu zanen zinariya a baki. Na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan maɓallai a wuyan hannu, da mayafi mai ɗan duhu. Auta ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Umma, wannan kwalliyar duk ta rage riga ce?" Na ce ta je ta duba ruwan zafi kafin in rage mata kunne.

Na shimfiɗa rigar Gaggafa a teburin cin abinci, na ɗauki abin farke ɗinki. Ban farke ko zare ɗaya ba Injiniya ya fito, ya ja kujera ya zauna a gabana. Ya shafa jan ƙirjin da tafin hannu kamar mai shafa kan jariri.

"Umma, takarda ake kawo miki, ko?"

Na ci gaba da neman bakin zaren.

"Hannu ba ya haddace takarda. Ni ma da hannu nake aiki. Kin san shi. Shekara goma sha ɗaya kina gwada shi, ina nan ina manna hotunansa a bango, kina wucewa kina ce min in share ɗakina."

"Na san shi," na ce. "Na yi maka ƙarya, wannan kuwa laifina ne, ka yafe min. Amma rantsuwa na yi."

Ya matso da kujerar. Muryarsa ta sauka, irin ta masu ciniki.

"To mu yi haka. Ki faɗa min sunansa, ni kaɗai, ba zan ɗora ba. So nake in je in ce masa mun gode, tunda kamfani ba su da kunyar faɗa. Ni kuma yau ɗin nan, in mai fitilarki ya zo, zan durƙusa in gaishe shi. Ki aure shi, ni zan ɗauko miki akwatunanki."

Auta ta leƙo daga kicin da cokali a hannu. "Umma, wallahi tayi ya yi kyau. Ki sallama."

Ba zan ɓoye muku ba, tayin ya ja ni. Abin da na yi wata huɗu ina roƙo a sallah, ga shi an ajiye min a tebur, kuɗinsa kalma ɗaya. Kalmar ma har ta hau harshena, na ji ɗanɗanonta. Na dubi yaron, na ga hancin ubansa, na ga kuma wani abu da ban so ba: ya zaci uwarsa tana da farashi.

Na ajiye abin farke ɗinkin.

"Tashi tsaye."

"Umma..."

"Na ce ka tashi. Ni za ka yi wa ciniki a teburin da na yi maka ɗura? Amanar wani zan sayar in sayi gaisuwarka? Macen da ta yi haka, gobe taka amanar za ta sayar. Ka saurare ni da kyau. Ni na ce ba zan auri wanda ba ka gaisarwa ba. Na faɗa ne don ina tausayin maraicinka, kai kuma ka mayar da shi linzami ka sa min a baki. To yau na janye. Zan auri Dogo, ka so ko ka ƙi. Gaisuwa kuwa za ka gaishe shi, ba don an biya ka ba, don babba ne kuma ni na haife ka. In ka sake wuce shi da abu a kunne, ka nemi wata uwar."

Auta ta janye kanta a hankali ta koma kicin. Ni kaina na yi mamakin yadda na ji jikina ya yi sakayau, kamar na cire takalmin da ya matse ni tun safe.

Injiniya ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, fushin ya tafi, wani abu ya maye gurbinsa, abin da na fi tsoro: dabara.

"Na ji, Umma. Ki yi haƙuri. Zan gaishe shi." Ya miƙa hannu ya zare tef ɗin awo daga wuyana. "Sunan kuma ki riƙe abinki. Ba ki farke rigar ba tukuna, ai."

Kafin in tashi ya shimfiɗa tef a kafaɗun rigar, ya ja daga wuya zuwa ƙafa, ya zagaya ƙirji, yana faɗa Auta na rubutawa a waya, munafukar da yanzun nan ta gudu.

"Mutum dubu arba'in gare ni, kowane gida da tef. Maza masu wannan tsawon da wannan kafaɗar ba su fi a ƙirga ba. Duk dogon da muka gani a titi sai mun gwada shi."

"Za a fasa maka baki a titi," na ce.

Sai aka yi sallama.

Ya dube ni, na dube shi. Ya rataya tef ɗin a wuya, ya je ya buɗe ƙofa. Dogo ya sunkuyo ya shigo, da farar riga mai guga, ledar lemo a hannu. Ɗana ya rusuna, ba sosai ba, amma ya rusuna.

"Baba, ina wuni. An zo lafiya?"

Ledar ta kusa faɗuwa. Dogo ya dube ni ta saman kan yaron, na kawar da kai don kada ya ga idona. Ya amsa da wata murya da ban san yana da ita ba, ya tambaye shi aiki, ya tambaye shi kasuwa, har da yi masa jajen Gaggafa. Wata huɗu nake jiran wannan minti ɗayan, kuma ya zo ba tare da na sayar da komai ba.

Da yaron nan ya tsaya a nan da mun sha shayinmu lafiya. Amma jinin tsokana a gidanmu gado ne. Ya ja tef ɗin daga wuyansa yana 'yar dariya, irin ta mai son ya nuna ba a gama cinye shi ba.

"Baba, mun fara wani bincike, duk dogon mutum sai an gwada shi. Bari in buɗe da kai, don a ce na fara daga gida. Ai ba ka tsoron tef?"

"Haba, me zai hana," in ji Dogo. Farin cikin gaisuwar bai sake shi ba, hankalinsa na can sama. Ya miƙa wa Auta ledar.

Na buɗe baki zan ce a'a, ban kai ba. Mutum in za a gwada shi tsayawa yake yi ƙiƙam, hannu a gefe. Amma fuka-fukai ba sa gwaduwa a haka, kuma jikin Dogo awo iri ɗaya ya sani a duniya. Yana ganin tef ya nufo ƙirjinsa, ƙafar hagu ta yi gaba da kanta, haɓa ta ɗaga, hannuwan nan biyu suka buɗe har yatsunsa suka taɓa labulen taga da bangon kicin. Tsayuwar da aka buga a hoton tallan kowane fim, a rigunan yara, a bayan motocin haya. Ba darakta ya ƙirƙiro ta ba, a ɗakin ɗinkina aka same ta.

Lemo ɗaya ya gangaro daga hannun Auta ya bi ƙarƙashin kujera.

Injiniya na tsaye da tef a buɗe tsakanin hannuwansa, bai kai shi jikin mutumin ba, bai kuma sauke ba. Ya dubi rigar da ke kan tebur. Ya dubi Dogo. Ya juyo ya dube ni.

Dogo ya sauke hannuwansa a hankali, ya yi gyaran murya.

"Tela," ya ce, "ki shaida, ya riga ya gaishe ni kafin nan."

Na ce na shaida. Na ce wa Auta ta zuba shayi, ta sa wa yayanta sukari da yawa, ta kuma matso masa da kujera kafin ƙafafunsa su yanke shawara.